Yaya Binta da Rezarta

Bana shekara talatin ke nan da Allah ya karɓi ran yayata Binta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Duk shekara in watan ya zagayo nakan sa a toya waina a raba wa maƙwabta, in yi mata addu'a, in ja bakina. Bana na kasa yin shiru. Akwai wani abu nata da mu huɗu kaɗai muka sani, biyu sun riga mu gidan gaskiya, ɗaya tana Zariya, saura ni. Ina tsoron in tafi da shi, shi ya sa na ce bari in faɗa wa masu karanta jaridar nan, ko da ba za a yi komai da shi ba.

A shekarun da Turawa suka fara haɗa komatsansu aka ƙara wa mijinta, Malam Inuwa, girma a ofishin gwamnati, aka ba shi gida a Nassarawa, nan Kano. A da baƙin mutum ba ya kwana a unguwar nan sai in kuku ne ko mai gadi, saboda haka a gidanmu har guɗa aka yi. Ita kuwa Yaya a cikin birni ta tashi, inda in ka yi tari maƙwabcinka zai ce maka sannu ta kan katanga. Sai ga ta a gidan da tsakaninsa da na kusa da shi tafiya ce, ba abin da take ji wuni guda sai kukan kurciya. Ran da na fara kai mata ziyara ta kama hannuna ta ce, "Asabe, an kawo ni maƙabarta mai famfo."

Kaɗaici ne ya haifi zaman Alhamis. Ni a lokacin ina aikin ungozoma, Alhamis nake hutu. Akwai Malama Rahila, Kirista ce daga wajen Zariya, tana koyarwa a firamare, mijinta akawu ne da shi ma aka ba shi gida a bayan na su Yaya. Sai Hajiya Kaltume, mahaifiyar wani maƙwabci, dattijuwa mai karatun allo da ba ta san boko ba, ni nake karanta mata. Bayan la'asar mukan shimfiɗa tabarma a barandar baya, kowa ta faɗi ra'ayinta kan littafin labarin da muke ciki.

To, littafi a zamanin nan ba ya samuwa kamar yanzu. In an dace Malam Inuwa ya sayo guda ɗaya, mu kuwa mu huɗu ne. Abin da Yaya take yi shi ne ta ɗauki rezar askin mijinta, ta yanke zaren bayan littafin, ta raba shi kashi uku. Kashi na farko ya zagaya hannu zuwa hannu, na biyu ya bi bayansa, na ukun kuwa ta jefa a cikin kwallarta ta rufe. Ba mai ganin ƙarshen labari sai an zauna an yi gardama a kansa, ita kanta ba ta leƙawa. Ran da Malam Inuwa ya fara ganin aikin ya riƙe baki ya ce, "Binta, littafin da na sayo jiya sabo fil?" Ta ce, "Ai ba don ado ka sayo ba, Malam."

Hujjarta ita ce, da zarar mutum ya karanta ƙarshe, to ya daina magana da bakinsa, da bakin marubuci yake yi. Ya ga wanda aka saka wa da alheri da wanda aka kunyata, sai ya bi inda aka karkata, ya ce ai shi dama ya sani. Yaya ta fi son ta ji mu muna tsakiyar ruwa, ba mu san gaci ba. Kuma a zaman nan ba a yarda ki ce littafi ya yi daɗi ki tsaya ba. Sai ta ce daɗi na miya ne, a faɗa mata wa ya ɓata miki rai, kuma me ya sa.

Wanda ba na mantawa shi ne labarin wani mai fito. Ya yi wa baƙo alkawarin ƙetarar da shi kafin rana ta faɗi, kogi ya cika, jirgi ba zai ɗauki fiye da mutum ɗaya ba, sai ga ƙanensa ya iso da gudu yana neman a kai shi ƙetare wajen matarsa da ke naƙuda. Mai fito ya ɗauki baƙo. A nan rezar Yaya ta tsaya. Wayyo, ranar kamar za a daki juna! Malama Rahila ta ce alkawari kaya ne, mutumin da zai karya maganarsa saboda dangi gobe ba mai shiga jirginsa. Hajiya Kaltume ta buga sandarta a siminti ta ce, "Ke 'yar nan, karatun boko ya cinye miki tausayi. Ɗan'uwa rabin jiki ne!" Rahila ta ce, "Baba, baƙon shi ba ɗan'uwan wani ba ne?" Ni kuma da aikina na karɓar haihuwa na ce duk sun manta da matar da ke durƙushe ita kaɗai, ba wanda ya tambayi ra'ayinta, har shi marubucin. Yaya tana gefe tana dama fura tana murmushi, in wuta ta lafa ta jefa tambaya ɗaya ta sake hurawa.

Mako uku muka yi a kan mai fiton nan. Da aka buɗe kwalla aka ciro ƙarshen, ashe baƙon attajiri ne, ya dawo ya cika mai fito da dukiya, ƙanen ya zo yana neman gafara. Wannan ce rana ɗaya tak da na ga bakinmu ya zo ɗaya. Hajiya Kaltume ta yi tsaki ta ce marubucin nan ragon namiji ne, ya ga tambaya ta fi ƙarfinsa ya toshe mata baki da kuɗi. Rahila ta yi dariya har da hawaye, ta raka tsohuwar gida tana riƙe mata sanda.

Makon da aka karɓi mulkin kai ma mun zauna. Mazan duk sun fita wajen biki, ana jin kiɗa daga nesa. Yaya ta ce mana ita ba tuta ce ta dame ta ba. Ta ce ƙasar da matanta za su iya yin faɗa a kan mutumin da babu shi a duniya, su tashi su sha fura a ƙwarya ɗaya, ba za ta lalace ba. Tana ganin nan da 'yan shekaru kowace unguwa a Kano za ta sami baranda irin tata. Har ga Allah ta yarda da haka, mu ma muka yarda, don ita ce ta faɗa.

Ba ta daɗe a duniya ba bayan nan. Ciwon ciki ne na 'yan kwanaki, tana da ƙuruciyarta. Mun yi ƙoƙarin ci gaba a gidan Rahila, amma tsintsiya in maɗauri ya tsinke sai watsewa. Hajiya Kaltume ta bi Yaya gidan gaskiya, aka yi wa Malam Inuwa canjin wurin aiki, daga baya gari ya rikice, mijin Rahila ya kwashe iyalinsa ya koma Zariya. Ni na dawo Giginyu da zama, nan nake har yau.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. Da farko na san murna za ta yi, domin littattafan labari sun cika gari, har shagunan haya ake buɗewa, 'yan mata suna karantawa a cikin mota da bakin murhu. Amma murnar ba za ta kai la'asar ba. Na tsaya a wani shago na ga yarinya ta ɗauki littafi, ta buɗe shafin ƙarshe, ta tabbatar an yi aure, sannan ta karɓa. Na tambayi ma'aikatan da na horar a asibiti yadda suka ga littafin da suke karantawa, kowacce ta ce, "Wallahi Hajiya ya yi daɗi." Na ce wa ya ɓata miki rai? Suka dube ni kamar na tambaye su sunan kakan kakansu.

Ba na ganin laifinsu sosai. Sun taso a lokacin da saɓanin ra'ayi ya daina zama abin wasa. Yau in ka ce wa mutum ba ka yarda da shi ba, gobe ba zai amsa sallamarka ba, in an yi rashin sa'a abin ya wuce nan. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, haka muka ji daga manya, amma yanzu kowa ya koyi riƙe harshensa. Na bi ta Nassarawa kwanakin baya, na nemi gidan na rasa. An yanka filin an gina gidaje huɗu, kowanne da katanga mai fasassun kwalabe a kai da mai gadi a ƙofa. Mai gadin da na tambaya, wani bawan Allah daga Katsina, ya ce bai san sunan mutanen gidan da ke jikin nasu ba.

Duk da haka ina da sauran wuri ɗaya da nake sa rai, wato Rahila. Mun daɗe ba mu haɗu ba, sai gaisuwa ta bakin matafiya. Da damina na sami wani littafi da ya hana ni sukuni, labarin wata uwa da ta ɓoye wa ɗanta cewa mahaifinsa yana raye. Na kai tsakiya na ajiye, na hau mota zuwa Zariya da shi a jaka, ina ta shirya yadda zan kayar da ita, don na san duk ɓangaren da na ɗauka ɗayan za ta kama. 'Yarta ta tarbe ni a ƙofa, ta ce, "Mama, sai kin yi haƙuri da ita fa." Na same ta a kujera, tsaf da ita, an ɗaura mata ɗankwali. Ta yi mini murmushin da ake yi wa baƙo. Na ba ta labarin tun daga farko, na ce ni a ganina uwar nan ta yi daidai. Ta ce, "Haka ne." Na juya na ce a'a, uwar nan azzaluma ce. Ta ce, "Haka ne." Matar da ta yi mako uku tana ja da tsohuwa mai sanda! Na fita bayan gida na yi kuka na wanke fuskata, na dawo muka ci tuwo.

To, me ya rage na Yaya Binta? 'Ya'yanta suna nan, Allah ya yi musu albarka, suna da kamanninta da kirkinta, amma ba su tashi a hannunta ba. Ba ta rubuta littafi ba, ba ta gina makaranta ba. Abin da ta gina da baki ta gina shi, tsakanin mata huɗu, irin wannan kuwa ba a gadonsa sai an zauna an koya. Da ina iya yi muku ƙarya da na ce irin da ta shuka ya tsiro a wani wuri. Na duba ban gani ba. Ni kaɗai ce ragowar, ni ma yanar ido ta fara rufe mini gani, likita ya ce in rage karatu.

Yanzu jikata Hadiza ce take karanta mini in ta dawo daga kwaleji. Yarinyar kirki ce, muryarta garau, ba ta taɓa nuna gajiya ba. Shekaranjiya ta ɗauko littafin uwar nan don ta ƙarasa mini. Da ta zo inda ɗan ya gano gaskiya ya juya wa uwarsa baya, na ɗaga hannu na ce, "Tsaya, Hadiza. Ke a ganinki ya kyauta?" Ta dube ni da tausayi, ta gyara mini matashin kai, ta ce, "Hajiya, kada ki sa wa ranki damuwa. Labari ne fa kawai."

Na ce mata to, ta ci gaba.