Ranar da Rariyar Imel Ta Riƙe Takardar Albasa

Alhaji yana tsaye a ƙofar ofis da waya a kunne, ya daɗe yana sauraro, shi da ko gaisuwa ba ya barin mutum ya ƙarasa. Sai ya juyo ya kalle ni. Ban san abin da na yi ba, amma hannuna ya sauka daga kan kwamfuta.

Wata bakwai ke nan ina aiki a wurinsa. Dillalin albasa ne a Illela, yana saye daga manoman Araba da Amarawa yana turawa ƙetare. Ni sakandare na gama, na ƙara wata uku ina koyon kwamfuta, shi ya sa aka ba ni tebur da imel ɗin kamfani. Manajanmu ƙanin matarsa ne.

Da Alhaji ya kashe wayar ya ce tirela uku suna tsaye a bakin iyaka kwana huɗu, albasa ta fara ruwa. Mai sayen, wani sabon mutum daga Yamai, ya rantse cewa sakatarensa ya aiko mana imel har sau uku, kada mu yi lodi sai sabuwar takardar shiga ta fito.

"Ina wasiƙar take?"

Na buɗe akwatin imel, na duba daga sama har ƙasa, na sake dubawa. Babu. A nan ne na tuna da rariya.

Haka injiniyan da ya zo daga Sakkwato ya kira ta ranar da ya haɗa mana imel. Ya ce na'urar da ke karɓar wasiƙunmu tana tace su, ta bar na kirki su wuce, ta riƙe na banza. Ya nuna mini shafin da ake ƙara mata doka, ya ce kada in taɓa sai da dalili. Bayan tafiyarsa tarkace ya yi ta shigowa, tallan magani, caca, masu cewa mun ci gado, rabinsu da Faransanci. Manaja ba ya karanta Faransanci, kuma mutanenmu na Kwanni, can tsallaken iyakar Nijar, ba sa rubuto wasiƙa, waya suke bugowa da Hausa. Wata rana ya tsaya a kaina ya ce duk abin da ya zo da wannan yaren in toshe shi, ɓarayi ne kawai ke rubuta shi. Na sa dokar yana kallo. Akwatin ya yi fes, har ya yaba mini.

Na fara faɗa wa Alhaji haka. Manaja ya katse ni. Ya ce shi bai san wata rariya ba sai ta tankaɗen gari. Ya ce a tuna yayana yana aiki da wani dillalin a kasuwa, wanda ya daɗe yana neman mutumin Yamai. Wai na ga wasiƙar, na goge, na kai labari gida. Ya jera maganar a natse, kamar ya kwana yana shirya ta.

Aka karɓe wayata. Aka fitar da ni daga ofis aka zaunar da ni a kan benci cikin sito, inda zafi ke saukowa daga kwano. Alhaji ya ce zai kira injiniya, idan ya tabbata na buɗe wasiƙar, daga nan sai ofishin 'yan sanda, ni da yayana.

Masu lodi suna wucewa da buhuna suna leƙe na. Ɗaya ya ɗauko ruɓaɓɓiyar albasa ya ajiye kusa da ni, ya ce ga tukwicina. Manaja ya shigo sau biyu, ba don ya tambaye ni komai ba. Ya bayyana mini yadda ɗakin tsare mata yake, bokiti ɗaya, babu taga, ya ce wadda ta kwana a can ko an sake ta sunanta ya gama yawo a gari kafin ta iso gida.

"Wa ka aurenki bayan wanga?" ya ce. "Hwaɗa min in ji."

Ban yi kuka a gabansa ba. Na riƙe bakin hijabina har yatsuna suka yi sanyi.

Wajen azahar aka kira mahaifina. Tsohon masinja ne a sakatariya, ya zo da hularsa ta Juma'a. Ba a ba shi kujera ba. Ta ƙofar sito ina ganinsa a rana yana ta cewa ranka shi daɗe, Alhaji yana cin abinci. Da ya samu ya leƙo, abu ɗaya ya tambaye ni.

"Ɗiyata, mi kika yi?"

Na ce ban yi ba. Ya gyaɗa kai, amma bai kalli idona ba.

Injiniyan ya iso bayan ƙarfe uku. Aka shigo da ni na tsaya a bango. Ya shiga shafin da ban taɓa gani ba, ya ce na'urar tana rubuta duk wasiƙar da ta zo, lokacin zuwanta, inda ta tafi, da ko an buɗe ta. Ya yi ta gangarawa cikin layuka. Sai ya tsaya ya nuna da biro. Ga su nan guda uku, rariya ta riƙe su tun daga ƙofa, ba su taɓa shiga akwatina ba, babu wanda ya buɗe su. Ya sako su, ya cire dokar, ya sa adireshin mutumin Yamai cikin waɗanda ba a tarewa.

Sannan ya tambaya, cikin mamaki, wa zai toshe Faransanci a garin da ake hango Nijar daga bakin titi.

Na kalli manaja, yana duba wayarsa. Na buɗe baki, mahaifina ya taɓa gwiwar hannuna daga baya, taɓawa ɗaya. Na rufe.

Manaja ya ce ai ya sha faɗa, kwas ɗin wata uku ba ilimi ba ne. Alhaji ya yi dariya a karon farko a ranar. Ana kiran la'asar a masallacin kasuwa ya miƙa wa mahaifina wayata, ya yi masa magana kamar ba na wurin.

"Malam, tahi da ita. Ba mu kai ta ko'ina. Ashe ba munahuka ba ta, jaka ta, daƙiƙiya."

Mahaifina ya durƙusa ya yi godiya, ya juyo ya ce ni ma in yi. Na yi.