Dam ɗina a lambun Kawu Mani

Wata Asabar a hutun makaranta, shekarar da nake aji biyar, na kwance dainamon keken Kawu Mani ban tambaye shi ba. Wannan kaɗai na yarda kuskure ne, shi ma don na ɓatar da noti. Sauran abin da ya biyo baya kuwa aikin injiniya ne, duk wanda ya ce ɓarna ce ya zo mu zauna.

Malamin kimiyyarmu a unguwar Nassarawa cikin Birni ne ya tsokano ni. Ya ce da ruwan dam ake yin wutar lantarki, amma ginawa da kula da shi na cinye dukiyar da ba ta ƙirguwa. Na ce a raina, ruwan da muke wanka a ciki kyauta? Da aka kai ni hutu Argungu, sai na tarar da lambun albasar Kawu a fadama, ga injin ban ruwa, ga hanyar ruwa tana bi ta gefen fangalin iri. Wannan irin shi ne duk abin da Kawu zai dasa a shekarar, yana lallaɓa shi kamar jinjiri.

Da ya tafi ɗaurin aure, ni da ɗansa Bashiru muka cika buhunan taki da laka muka tare hanyar ruwan. Muka ɗaura gwangwanayen madara a jikin tsohon wilin keke, muka kafa shi inda ruwa ke zubowa daga dam ɗin, muka manna dainamo, muka ja waya zuwa ƙwan tocila. Wilin ya juya kamar tsoho mai ciwon baya, ya tsaya. Bashiru ya ce ruwa ne bai isa ba. Na tayar da injin, na juye masa fetur ɗin da Kawu ya ajiye na ban ruwan mako, na sake shi yana ruri har kwaɗin fadama suka yi ƙaura. Sai ga ƙwai ya kama! Da yake rana ta take, sai da muka kifa masa bokiti muka cusa kawunanmu ciki kafin muka ga ɗan jan haskensa. Muna cikin bokitin muna ihu, ruwa ya tsallake dam ɗin ta baya ya shanye fangalin iri.

Muryar Kawu ce ta fito da mu. "Kai ɗan Birni, mi kaka yi min nan?"

Na ce, "Kawu, wuta na kawo maka, kyauta."

Ya dubi galan babu ko ɗigo, ya dubi irinsa yana iyo. "Wagga wuta taka, ko gwamna ba ya iya riƙon ta."

Ban ba da haƙuri ba. Na ce ai ta kama, Bashiru shaida ne. Bashiru kuwa tuni ya kai bakin gulbi da gudu.

Yanzu ina sakandare, fadamar ta cika da farantan sola, injin Kawu na kwance a zaure kaji na ƙwai a bayansa. Wani lokacin ina kewar rurinsa. Har gobe kuma ina nan a kan bakana: a duk zuriyarmu ni kaɗai na taɓa ba Argungu wuta. Irin dai ya ruɓe. A shekarar, albasar miya ma sai da Kawu ya sayo a kasuwa.