Ɗigon Magani a Kwanar Dangora

Motar Doguwa ta ƙi cika, ni kuma zama ya gundure ni. A bencin da ke gabana akwai wani dattijo da ya fi ni rashin sukuni. Ya tashi, ya zauna, ya cire hula, ya mayar. Idonsa na hagu ja wur, sai ruwa yake yi. Tafin hannunsa duk kanta, irin ta masunta masu jan koma a dam ɗin Tiga, ga hannun yana rawa.

Yana riƙe da kwalbar maganin ido, an cusa ta cikin wata 'yar roba shuɗiya mai baki kamar mazurari. Ya kifa bakin a kan idon, ya ɗaga kai sama, yana ta matsawa, yatsun suna ƙi.

Can gefe wata mai goyo tana tsaye tana kallon ƙasa, ƙafarta sai motsi take.

"Baiwar Allah, ki taimaka wa babanki mana," in ji wani mai sayar da rake.

"Surukina ne," ta ce a hankali.

Ina jin ko a gida ita kaɗai ce kusa da shi, kuma ina matar ɗa za ta sa yatsa ta buɗe idon uban miji? Wataƙila shi ya sa aka ba shi robar nan a asibiti, kada kunya ta makantar da shi.

Ya haɗa hannu biyu ya matsa. Ɗigo ya faɗa.

"Ya shiga," ya ce da ƙarfi, bai dubi kowa ba.

Sai a lokacin ƙafarta ta daina motsi.