Na Ɗauki Daftari A Matsayin Doka, Na Raba Mai Ciki Da Aikinta

A lokacin ina 'yar shekara ashirin da shida, ina aikin tsintar gyaɗa da riɗi a wata masana'antar alawa a Omdurman, ƙasar Sudan. Jikar mahajjata ce ni, waɗanda suka taso daga Katsina da niyyar Makka suka zauna nan. Cikin matan da muke aiki ni kaɗai na gama sakandare, duk takardar Larabci ni ake miƙo wa, kuma gaskiya abin ya shiga kaina.

Dukanmu 'yan yomiya ne, aikin yini, babu takardar ɗauka. Akwai wata baiwar Allah da muke zama tabarma ɗaya, ta girme ni, ina ce mata Yaya. Mijinta ya karye a haɗarin raksha, wato keke mai ƙafa uku, ita ke riƙe da gida, ga cikin wata biyar da take ɓoyewa a lulluɓi. Wata safiya a cikin motar haya na karanta a jarida cewa an tsara gyaran dokar ƙwadago, har 'yan yomiya za su samu hutun haihuwa, kuma ba za a kori mai ciki ba. Ban lura da kalmar da ke nufin daftari ba, ko kuwa na gani zumuɗi ya hana ni tsayawa. Na ce wa Yaya wahalar ɓoyo ta ƙare. Ta ce ita tsoro take ji, in bari ta haihu tukuna. Na rantse mata cewa doka na bayanta, ni da kaina na ja ta gaban mai masana'antar, na gaya masa tana da ciki.

Bai yi faɗa ba. Ya yi mata barka, ya ce ta je ta huta, idan da aiki zai aiko. Bai aiko ba. Cikin mako guda ya sallami wasu mata biyu sababbin aure, wai gara ya rage tun kafin dokar ta same shi.

Na tsallaka kogi zuwa Khartoum na je ofishin ƙwadago da jaridar a hannu. Wani dattijon ma'aikaci ya zaunar da ni, ya ce 'yata, wannan shawara ce kawai. Sai kwamiti ya gama, ministoci su duba, majalisa ta tattauna, a sa hannu, a buga, kuma majalisar ma ba a kafa ta ba tukuna. Na tambaye shi yanzu me zan yi, ya buɗe tafukan hannunsa, alamar babu abin yi.

Na je gidan Yaya ina kuka. Ba ta zage ni ba, cewa ta yi rabonta ne ya ƙare a can, har ta dafa mini shayi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Daga baya na gan ta tana sayar da shayi a bakin kasuwar Suk al-Shabi da jaririya a goye. Da yaƙi ya tarwatsa mu, labarinta ya yanke mini, har yau ban san ko tana raye ba.

'Yan uwana masu ɗan karatu, ku ji tsoron Allah a kan abin da kuke karanta wa mutane. Dokar da ake shirin yi ba ta kare kowa, amma jin ƙishin-ƙishin ɗinta kaɗai na iya korar talaka. Ku tambayi masana kafin ku tura wani gaba, domin wanda ya yarda da ku shi zai kwana da yunwa, ba ku ba.