Shekarar da Na-Baya Ya Riga Kowa Shuka

Na-Baya ba sunan yanka ba ne, gonarsa ce ta jawo masa shi. Shekara talatin da ɗoriya, duk ƙauyen nan tasa ce gonar da ake shukawa a ƙarshe. Kuma kada wani ya ce lalaci ne, wallahi ko kusa! Idan mutumin nan ya duƙa da fartanya, sai ka ajiye abin da kake yi ka tsaya kallo. Ramin shukarsa taku ɗaya-ɗaya ne kamar an gwada da igiya, kuma ba a taɓa jin ya sare shuka a cikin ciyawa ba.

To, me ya mai da shi na baya? Yunwa ce, ba wani abu ba. Kafin ruwan farko ya sauka, rumbunsa ya daɗe da ƙarewa. Don haka ranar da ƙasa ta jiƙa, gindin bishiyar bakin hanya yake nufa, inda 'yan ƙwadago ke tsugunne suna jiran masu gona. A ɗauke shi, ya yini yana yi wa wani shuka, da yamma ya koma gida da kwanon hatsi. Gobe ma haka, jibi ma haka. Kafin ya waiwayi tasa gonar an yi sati uku ko huɗu, damina ta yi nisa.

Abin da ya fi cin ransa kuwa iri ne. Jar dawa ce ya gada wurin babansa, wanda ya rasu ya bar masa ƙanne biyar da gona ɗaya tun bai yi gemu ba. Dawar nan doguwar damina take so.

"A hannun Baba," in ji shi, "ko ka ɗaga fartanya sama ba ka taɓa kanta."

Sai a bushe da dariya, don abin da ido ke gani a gonarsa da ƙyar yake kai ƙirji, ruwa ya ɗauke tun zangarniya ba ta cika ba. Matarsa ma ba ta ƙyale shi.

"Malam, wai dawar nan ta babanku, anya ba a mafarki ka gan ta ba?"

Yakan yi murmushi, amma maganar tana yi masa ciwo. Kowace shekara irin raguwa yake. A shekarar da muke magana, abin da ya rage bai wuce rabin gora ba, a rataye jikin bangon ɗaki. Ya riga ya yi wa matarsa alkawari: idan bana ma ba ta yi ba, ya haƙura, zai koma gajeren iri kamar kowa. Ya san kuma daga nan dawar babansa ta ƙare ke nan a duniya.

Ana cikin bazara wasu mutane suka zo da mota, suka ajiye tebur a wani aji na makarantar firamare, suka rubuta sunan kowane gida. Bayan kwana goma waya ta yi ƙara, aka ce kuɗin tallafi ne ya shigo. Ya je shagon mai cire kuɗi, aka damƙa masa abin da bai taɓa riƙewa lokaci guda ba. An faɗa an nanata cewa kyauta ce, babu sharaɗi. Ya ji da kunnensa, amma bai yarda ba. Mutumin da bai taɓa cin loma ɗaya ba sai da ya duƙa a kanta, ta yaya zai yarda?

Washegari ya wasa fartanyarsa, ya saɓa, ya nufi makarantar. Ya tarar da wata matashiyar ma'aikaciya tana jera takardu a kan tebur.

"Sannu da aiki, 'yata. Ina gonar take?"

"Wace gona, Baba?"

"Ta mai kuɗin mana. Gara in fara rage masa tun ruwa bai zo ba. Ko rijiya ce za a haƙa?"

Ta fara dariya, sai ta ga bakin fartanyar yana ƙyalli, ta ga kuma da gaske yake. Dariyar ta tsaya.

"Baba, babu gona. Kuɗinka ne, ka yi abin da ka ga dama da shi."

"To, kwana nawa zan yi masa?"

"Ko ɗaya, Baba."

Ya yi godiya ya fito, a ransa yana cewa yarinya ce, manyan ba su faɗa mata gaskiya ba. Ya naɗe kuɗin a tsumma, ya soka bayan goran iri, ya zauna jiran ranar da za a kira shi.

Ƙauye kuwa ya ɗau harka. Wannan ya sayi akuya, wancan ya sauya rufin da ke yoyo, wata ta kai tsohuwarta asibiti. Wani ma rediyo ya sayo yana ta damun mutane, to, kuɗinsa ne, wa zai ce don me? Na-Baya dai shiru, sati biyu cur.

Ranar kasuwa ya dawo daga sharar gona ya tarar da buhu biyu na hatsi jingine a ɗaki, ga galan na mai, ga gishiri. Ya kai hannu bayan gora, ya ji tsumma babu kuɗi a ciki.

"Ke! Me kika yi? Idan suka zo fa? Kuma mutane na sayen abin da za a gani, ke kin kwaso abin da ciki zai cinye!"

Matarsa ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar da take yi ba.

"Idan suka zo ka turo su wurina. Ka dubi buhunan nan da kyau, Malam. Wata biyu ke nan da ba ka da abin nema a gindin bishiya. Na gaji da jin labarin dawar nan, so nake in gan ta."

Ya sake duban buhunan. Wallahi tunanin nan bai taɓa zo masa ba, ko sau ɗaya.

Ruwa ya sauka wata Laraba da la'asar, mai yawa, har ya kwanta a tsakar gida. Da gari ya waye Na-Baya ya ɗauki abin saran shukarsa ya fita. Ka san inda ƙafarsa ta kai shi? Gindin bishiya! Har ya tsuguna cikin 'yan'uwansa bai ankara ba. Sai ga Mai Shanu, babban manomin da ya fi kowa ɗaukarsa, ya iso yana sauri.

"Na-Baya, taso mu je, rana na yi."

Ya miƙe kuwa, don jikinsa ya saba. A nan ne ya hango matarsa tsaye a ɗaya gefen hanya, goran iri a hannunta.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "yau ina da aiki."

"Wa ya riga ni? Zan ninka maka."

"Babu wanda ya riga ka."

"To gonar wa za ka?"

"Tawa."

'Yan ƙwadago suka juyo suna kallonsa. Shi kansa kalmar ta ba shi tsoro, don bai taɓa ce wa mutumin nan a'a ba. Mai Shanu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya juya ya zaɓi wasu biyu.

Ranar nan yana gaba yana sara, tana biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Kafin azahar sun gama. Ya yi noman farko a kan lokaci, ya yi na biyu a kan lokaci, ya bi shukar nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai renon jikoki. Hannun da ya shekara talatin yana gyara gonakin mutane, sai a bana aka ga abin da yake iyawa a tasa.

Dawa ta kai gwiwa, ta kai ƙugu, ta kai ƙirji, inda kowa ya san tana tsayawa. Ba ta tsaya ba. Ta wuce kafaɗa, ta wuce kai, ta ci gaba abinta. Masu wucewa suka fara ratsowa ta wajen don su gani. Tsofaffi biyu suka zo suka daɗe a tsaye riƙe da baki, ɗaya ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun yana yaro. Mai Shanu da kansa ya tsaya a bakin gona, ya tambaya ko za a sam masa iri baɗi.

Matar kuwa ta daina shiga ciki tun da dawar ta rufe mata kai, iyakarta bakin gona ta ajiye masa abinci ta juya. Sai ranar da zangarniya ta nuna, ta yi jawur tana rinjayar kara, ta ce ya miƙo mata fartanya. Ta kutsa tsakiyar gonar, yana biye da ita. Ciki duhu-duhu, ga sanyi, ganye na ta motsi can sama da kansu.

Ta kama ƙotar ta can ƙarshe, ta yi ɗage, ta miƙa hannu iyakar ƙarfinta. Ba ta taɓo ba. Ta ba shi, shi ma ya ɗaga, da sauran kusan kamu guda.

Ta daɗe tana kallon sama. Da ta sauke kai, idonta ya cika da hawaye.

"Malam, ashe ba mafarki ba ne. Shekara talatin ina yi maka dariya. Ka yafe mini."

Na-Baya ya dafa karan dawar, ya kasa duban ta.

"Ni ma na fara zaton mafarkin ne," ya ce.