Yaron da Aka Ɗaga Ya Gani

A garinmu, can gefen Roni, idan aka kama ɓarawo ranar kasuwa ba dukansa kawai ake yi ba, har yara ake kira. Manya su saɓa ƙanana a wuya su kutsa da su gaba, wai su gani da idonsu don kada hannunsu ya taɓa kayan mutane. Maganin sata ke nan a wurinmu. Ni kam duk wanda ya yabi wannan al'ada a gabana sai mun yi ta da shi, ko da furfurarsa ta kai gira.

Autanmu bai daɗe da shiga firamare ba ranar da aka kama wani saurayi da akuya. Inna ce ta aike mu sayen daddawa, ina riƙe da hannunsa, sai ga Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya fizge shi ya ɗora a wuya. Na ce, "Baffa, don Allah a bar shi, tsoro yake ji." Ya ce, "Ke rufe mini baki, ai tsoron ake so ya ji." Ni gajarta ce ta cece ni, bayan mutane kawai nake gani, sai ƙarar itace a jikin mutum da nake ji. Shi kuwa yana sama, babu abin da ya wuce shi. Da ya sa hannu ya rufe fuska, wani na kusa ya janye masa hannun. Saurayin nan ba a ɗauke shi da rai ba.

Daga ranar, yaron da surutunsa ke hana mu sakat ya yi tsit. Ya koma fitsarin kwance, aka bi shi da bulala a kan fitsarin. Ya daina cin nama, aka ce iyayi ne. Idan aka yi hayaniya a ƙofar gida, ko ta 'yan biki ce, sai a same shi bayan rumbu ya toshe kunnuwa. Aka ce iska ce, aka yi ta turara shi da hayaƙi har idonsa ya yi ja. Duk gidan nan babu babban da ya zaunar da shi ya ce, me ka gani? Na faɗa wa Inna tun ranar kasuwar nan ne abin ya fara. Ta ce, "Yara nawa suka kalla, me ya same su?" To ai na san su. Ɗaya ba ya iya magana da matarsa sai da mari, ɗaya kuma yana can gindin dutse da kwalbar maganin tari tun safe. Amma tunda ba su saci akuya ba, a wurinmu lafiyarsu ƙalau.

Baffa har alfahari yake yi a majalisa, wai ɗan nan ko allura bai taɓa ɗauka ba, kuma shi ya yi masa maganin.

Autan ya girma, ya samu babur yana acaɓa tsakanin Roni da Kazaure, inda nake aure. Ba ya shiga kasuwa, daga nesa yake sauke fasinja, abokan sana'arsa na yi masa dariya. Bara da rana tsaka yana tsaye a wata tasha, sai wani ya yi ihun ɓarawo, an zare masa waya. Kowa ya waiga yana neman mai laifi. Shi kuwa bai ma san ya yar da babur da makulli a jiki ba, sai gudu. Mu kuma a wurinmu wanda ya gudu shi ne ɓarawo. Suka rufa masa baya, suka cim masa. Wata 'yar kudu mai sayar da abinci, wadda yake kai wa kaya, ita ta faɗa kansa tana cewa ta san shi. Aka laluba aljihunsa babu waya. Suka watse ɗaya bayan ɗaya, ko sannu babu.

Baffa ya zo dubiya asibiti, ya kalli karyayyen hannun, ya ce, "Shi ma me ya kai shi gudu, tunda bai ɗauki komai ba?" Na ce, "Baffa, tun ranar da kuka ɗaga shi yake wannan gudun, yanzu ne kawai aka kama shi." Inna ta mintsine ni. Na ƙara da cewa idan an sallame shi wurin likitan ƙwaƙwalwa zan kai shi. Suka ce za a kira shi mahaukaci, ba zai samu mata ba. Na ce a kira, na gaji da ganin ƙanena yana tsoron mutane kamar kazar da ta ga wuƙa.

Bayan sun fita, autan ya ce, "Yaya, da ina ƙasa na ɗaga kai na ga wani ya ɗora yaro a wuya. Yaron ni yake kallo. Na so in ce masa ya rufe ido, bakina ya cika da jini. Don Allah ki nemo shi, ki tambaye shi me ya gani."

Na je tashar na yi ta cigiya. Kowa na tambaya sai ya ce yaran da aka ɗaga ranar suna da yawa, wanne nake nufi.