Rahoton da Injiniya Ya Rubuta a Kan Kansa

Injiniya muke ce masa, da farko don tsokana, daga baya sunan ya bi shi har ƙarshen ransa. Allah ya jiƙansa. Shekara talatin yana gyaran firji da fanka a wani ɗan shago tsakanin mai aski da mai ɗinkin takalma. In ya kanga kunne a jikin firji, zai gaya maka ciwonsa kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya. Abu guda ya tsaya masa a rai: ba shi da takardar shaida. Sai da furfura ta ci rabin gemunsa sannan ya shiga kwaleji, sashen lantarki.

A zatonsa ranar farko za a miƙa masa waya da filaya. Sai ya tarar da kujeru a zagaye, da wata malama sa'ar 'yarsa ta fari. Darasinta shi ne ƙofar shiga: yadda ake tsara lokaci, yadda ake ɗaukar bayani a aji, yadda ɗalibi zai gane rauninsa ya nemi taimako. Kowane mako sai ka rubuta shafi ɗaya a kan kanka. Wanda bai ci wannan darasi ba, ba zai taka ɗakin aikin hannu a zango na biyu ba, komai gwanintarsa.

Injiniya bai ga abin wuya ba. Ya saba rubuta wa masu kaya rahoto kashi uku: abin da mai kaya ya ce, abin da na tarar, abin da na canza. Haka ya yi wa Malama. Makon farko ya kawo bayanin fankar ajin da ke ƙara. Na biyu, makunnin fitila da ya yi sako-sako. Tana dawo masa da su ba maki. A mako na biyar ta tsayar da shi bayan an tashi.

"Baba, yanzu na san ciwon duk wani abu da ke ɗakin nan, ban da naka. In na gaba ma haka ne, dole in rubuta ba ka ci ba."

"'Yata, ai firji ba ya buɗe bayansa da kansa."

"To in an kawo maka shi, da me kake farawa?"

Ya ce da tambayar mai shi irin kukan da yake yi, da lokacin da ya fara. Ta ce to ya je ya tambayi masu shi.

Ya tafi gida ya zaunar da mai ɗakinsa, biro a hannu, ya ce ta faɗi kukan da yake yi. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce shekara ashirin da shida tana jiran wannan rana. Ta lissafa minshari da jefar da safa, ya ƙi rubutawa. Sannan ta daina dariya. Ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa jin ya ce bai sani ba, kuma duk takardar da ta shigo gidan sai ya ce idonsa na ciwo, ta karanta masa.

Ya tambayi mai aski, ya tambaye mu aminansa. Kowa ya kewaya ya kewaya, ya faɗo wuri ɗaya. Mun daɗe da sanin karatu na yi masa nauyi, muna rufa masa asiri, shi kuma yana zaton ba wanda ya lura.

Ranar darasi ya ce ba miƙawa zai yi ba, karantawa zai yi. Ya miƙe a tsakiyar yara sa'o'in 'ya'yansa, ya ɗora yatsa a kan layi, yana bi kalma bayan kalma. Abin da masu kaya suka ce: ba ya tambaya. Abin da na tarar: ina karatu a hankali, shafi ɗaya kan ci mini rabin awa, kuma kunya ta hana ni faɗa. Abin da za a canza: zan dawo kujerar gaba, zan riƙa zuwa wurin masu taimakon karatu duk Talata, in ban gane ba zan ɗaga hannu. Ya naɗe takardar ya ƙara da cewa injin dai lafiyarsa ƙalau, waya ɗaya ce ta tsinke.

Sai wani daga bayan aji ya ce shi ma a rubuta sunansa ranar Talata. Malama ta karɓi takardar da hannu biyu, ta sa maki a gabansa.

Zango na biyu ya shiga ɗakin aikin hannu da sabuwar rigar aiki, ya yi shekara ɗaya da wata huɗu a ciki kafin ciwo ya kwantar da shi. Da ya rasu, malamin ɗakin ya zo mana gaisuwa. Ya ce a duk shekarunsa na koyarwa bai taɓa samun ɗalibin da ya dame shi da tambaya kamar wannan dattijo ba, kuma rabin tambayoyin sai ya koma gida ya duba littafi kafin ya amsa.